Makaɗi a Gaban Makirufo: Shirya Ƙungiyar Waƙar Nan Take Domin Ɗaukar Murya



Zan fara da wasu duwatsu waɗanda da yawa daga cikinku kun san su, wataƙila ma wasunku sun hau su suna yara. A gefen garin Birnin Kudu akwai Dutsen Habude da Dutsen Mesa, inda mutanen da suka bar zanen shanu a jikin dutse. A shekarar 1955 wani Bature masanin kayan tarihi, Bernard Fagg, wanda ya yi aiki a gidan tarihi na Jos, ya lura da cewa kusa da waɗannan zane-zane akwai duwatsu masu amo, waɗanda in an buge su da ƙaramin dutse sai su yi ƙara kamar kuge. Ya buga bayaninsu a 1956. Wanda duk ya je ya duba zai ga gurabun da bugu ya ci a jikinsu, shekara da shekaru. Watau kayan kiɗan suna nan, inda hannu ya riƙa sauka yana nan, amma abin da aka kaɗa da abin da aka rera a farkon zamaninsu sun tafi tare da masu su. Dalilin ɗaukar murya ke nan a taƙaice.

To, amma ɗaukar murya ba kamar ɗaukar hoton dutse ba ce. Dutse yana tsaye, ko an zo da na'ura ko ba a zo ba. Waƙar baka kuwa, musamman irin wadda ake ƙirƙira nan take, tana sake kama da zarar an canja mata wuri. Abin da nake so mu duba a yau shi ne yadda za a ɗauki ƙungiyar makaɗa wadda ta saba da dandali da gidan biki da ƙofar fada, a shigar da ita ɗakin ɗaukar murya, watau situdiyo, a fito da waƙa wadda ba ta mutu a hanya ba. Mu ɗauka ga wata ƙungiya daga Surko, ko daga wani ƙauye na ƙasar Gwaram: jagora ɗaya, masu kalangu biyu, mai kuntuku, 'yan amshi huɗu, da sanƙira. An gayyace su Dutse ko Kano a ɗauki waƙoƙinsu. Me ya kamata su shirya, me kuma ya kamata su bari kada su taɓa?

Kafin mu amsa sai mun san abin da ake nufi da ƙirƙira nan take, domin mutane suna yi mata fahimtar da ba daidai ba. Wasu suna zaton mawaƙi yana tsayawa ne da kai fayau, sai kalmomi su riƙa faɗo masa. Ba haka abin yake ba. Waƙar makaɗan Hausa tana da gindi, wanda shi ne 'yan amshi ke maimaitawa, tana kuma da ɗiya, waɗanda jagora ke jerawa tsakanin amshi da amshi. Gindi tsayayye ne, kiɗan da ke ɗauke da shi ma tsayayye ne. Ɗiyan su ne ake ƙarawa, a rage, a sake wa jeri, gwargwadon wanda ke wurin da abin da ya faru a ranar. Har ila yau jagora yana da rumbu a kansa, cike da kirari da take da sunayen iyaye da kakanni da karin magana da gutattsarin jimloli waɗanda ya riga ya san sun dace da kiɗan. Daga wannan rumbu yake ɗiba.

Wani malami na Jami'ar Harvard a Amurka, Milman Parry, tare da almajirinsa Albert Lord, sun yi nazarin mawaƙan baka na ƙasar Yugoslabiya ta da tsakanin 1933 da 1935. Abin da suka gano, wanda Lord ya bayyana a littafinsa The Singer of Tales na 1960, shi ne mawaƙi zai rantse maka cewa waƙar da ya yi yau ita ce ta jiya kalma da kalma, alhali in ka gwada biyun za ka tarar sun bambanta a wurare da yawa. Ba ƙarya yake yi ba: a wurinsa waƙa ita ce turkenta da karinta, ba jerin kalmomin rana ɗaya ba. Duk wanda ya saurari Bakandamiyar Alhaji Mamman Shata a ɗauka biyu ko uku ya san wannan ba sai an faɗa masa ba. Tsawonsu ba ɗaya ba ne, jerin ɗiyansu ba ɗaya ba ne, amma babu mai musun cewa waƙa ɗaya ce. Dandatti Abdulƙadir ya yi digirinsa na uku a kan Shata a Jami'ar Indiana a 1975, kuma wannan fanni na yadda mawaƙin baka ke aiki yana cikin abin da ya duba.

Sai dai ƙungiyoyi ba iri ɗaya ba ne, kuma wannan shi ne abu na farko da mai ɗauka zai tantance. Shata, wanda ya rasu a 1999, 'yan amshinsa gindin waƙa kawai suke riƙewa, shi kaɗai ke zuba ɗiya yadda ya ga dama. Makaɗan fada irin su Ibrahim Narambaɗa da Musa Ɗanƙwairo, masu kiɗan kotso, tsarinsu dabam ne: jagora zai ɗauko ɗa, 'yan amshi su tarbe shi su ƙarasa, wani lokaci su yi masa ƙari. Wannan ba ya yiwuwa sai an zauna a gida an yi bita tare. Ga kuma Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, shi da kuntiginsa kaɗai, ba ɗan amshi ko ɗaya. Ga Barmani Choge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, da matan da ke kaɗa mata ƙwarya. Wanda ya yi wa waɗannan huɗu shiri iri ɗaya a ɗakin ɗauka, lalle uku daga cikinsu za su cutu.

Abubuwa biyu ɗakin ɗauka yake yi wa mawaƙin nan take: yana cire masa taro, yana kuma ɗora masa agogo.

Maganar agogo tsohuwa ce. Faifan garmaho na da, mai juyawa sau 78 a minti, wanda faɗinsa inci 10 ne, bai wuce ɗaukar kamar minti uku a kowane gefe ba. Ku dubi mutumin da ya saba fara waƙa bayan lisha ya kai asuba, a ce masa ya yi ta cikin minti uku! Parry ya ga wannan matsala, har ya sa aka ƙera masa na'ura mai faifai biyu, in ɗaya ya kusa cika sai a juya maɓalli ɗauka ta koma kan ɗaya, don kada a katse mawaƙi. Dogon faifai da kamfanin Columbia ya fitar a 1948 ya kai kamar minti ashirin a gefe, kaset kuma, wanda kamfanin Philips ya fitar a 1963, ya ba da minti talatin ko arba'in da biyar. Gidan rediyon Kaduna, wanda ya fara aiki a 1962, ya ɗauki makaɗan Arewa da dama a tef, kuma da yawa daga cikin tsofaffin waƙoƙin da muke ji har yau ta hanyar gidajen rediyo da kaset suka iso mana. Yanzu da ake ɗauka da kwamfuta na'ura ba ta cika, amma agogo bai tafi ba: ɗakin ana biyan kuɗinsa ne da awa, shirin rediyo yana da iyaka, mai sauraro a waya ma yana da tasa.

Saboda haka tilas ƙungiya ta shirya farko da ƙarshe, ko da tsakiya za a bar ta a sake. A dandali waƙa ba ta da ƙarshe na musamman; tana ƙarewa ne sa'ad da wanda ake yi wa ya yi kyauta, ko jagora ya ga hankalin jama'a ya koma wani wuri. A ɗakin ɗauka babu ko ɗaya daga cikin waɗannan, shi ya sa za ka ji wasu tsofaffin waƙoƙi sun yanke kamar an sare su da gatari, ko kuwa injiniya ya yi ta rage sauti har ya ɓace alhali jagora yana tsakiyar magana. Maganin wannan ƙaramin abu ne. A yi shawara tun a gida: wa zai fara, kalangu ne ko kirarin sanƙira? Sau nawa za a kaɗa kafin jagora ya ba da gindi? In an zo rufewa, wace alama zai yi, ɗaga hannu ne ko maimaita gindi da bakinsa, kuma sau nawa 'yan amshi za su karɓa kafin kiɗa ya tsaya? Sa'an nan a sami mutum guda wanda jagora ke iya gani, ya ɗaga masa yatsa in saura minti biyu. Wannan ya isa. Mawaƙin da ya iya karanta fuskar taro ba zai kasa karanta yatsa ba.

Maganar taro ita ce mafi wuya, kuma a nan ne nake ganin an fi yin kuskure. Mawaƙin nan take da idon jama'a yake aiki. Wani attajiri ya shigo, ɗa ya samu. Wata tsohuwa ta yi guɗa, zuciya ta tashi. Wani ya tsuke fuska saboda habaici ya same shi, sai a ƙara masa. In ka shigar da mutumin nan ɗaki mai sanyi, babu taga, babu kowa sai wani saurayi a bayan gilashi yana murɗa maɓallai, ka ce masa ya yi abin da ya saba, kamar ka sa ɗan dambe ya yi ta kai naushi ne babu abokin karawa. Na taɓa zama a wajen wata ɗauka inda aka kulle jagora shi kaɗai a wani ɗan ƙaramin ɗaki, aka sa masa abin ji a kunne, aka jera 'yan amshinsa a wani ɗakin. Mutumin da na sani da zafin baki sai ga shi yana laluben kalma. An yi sau biyar ba ta yi ba. Da aka gaji aka fito da shi, aka zauna tare a tabarma ana jiran a gyara wata waya, sai masu kalangu suka fara ɗan taɓawa don kashe lokaci, ya ɗauka, ya yi waƙar da ta fi duk na ranar. Na'ura kuwa a kashe take.

Darasi biyu ne a nan. Na ɗaya, na'ura ta kasance a kunne tun daga lokacin da makaɗa suka ɗauki kayansu har su ajiye; yanzu wannan ba ya cin kuɗin tef. Na biyu, a zo da taro, ko ƙarami ne. Mutum goma ko goma sha biyar waɗanda mawaƙin ya sani, su zauna a gabansa, a roƙe su kada su yi tari a bakin makirufo, amma kada a hana su murmushi da gyaɗa kai. In wanda ake yi wa waƙar zai iya zuwa, ya fi. Sanƙira ma kada a kore shi. Masu ɗauka da yawa suna ɗaukarsa mai surutu ne kawai, alhali shi ke cike gurbi sa'ad da jagora ke shan iska, shi ke tuna masa sunan da ya manta, shi ke zuga shi in ya yi sanyi. A ba shi nasa makirufo a ɗan nesa, in ya yi yawa a rage shi daga baya.

Wannan ya kawo mu ga zama. A situdiyon zamani na Kano, tun daga shekarun 1990 da waƙoƙin fim suka bunƙasa, an saba da wata hanya: a haɗa kiɗa da fiyano tukuna, mawaƙi ya zo ya ɗora murya shi kaɗai, 'yan amshi su zo daga baya. Hanya ce mai kyau ga waƙar da aka rubuta. Ga waƙar nan take kuwa guba ce. Dalili shi ne harshen Hausa yana da karin sauti, akwai na sama, akwai na ƙasa, akwai mai faɗuwa, ga kuma gaɓa doguwa da gajeruwa. Mai kalangu yana matse tsarkiya a hammatarsa yana saki domin kiɗan ya bi hawa da saukar maganar jagora, a daidai lokacin da take fita. 'Yan amshi kuma bakin jagora suke kallo. Daga yadda ya ja wasalin ƙarshe suke gane cewa ɗa ya ƙare, lokacin karɓa ya yi. In aka raba su ɗaki ɗaki an yanke wannan igiya. Haka nan na'urar nan mai ƙwanƙwasa lokaci a kunne, wadda ke tilasta wa kiɗa gudu ɗaya daga farko har ƙarshe, ba ta da wuri a nan. Waƙar dandali takan fara a hankali, ta ƙara sauri yayin da ta yi zafi, kuma wannan ƙarin sauri yana cikin daɗinta.

To, a zaunar da su yadda suka saba, kamar rabin da'ira, kowa yana ganin jagora. Injiniya zai yi kukan cewa kalangu zai shiga makirufon murya. Gaskiyarsa ne, zai shiga. Amma kada a ce wa mai kalangu ya sassauta hannu, domin kalangun da aka kaɗa da tsoro amonsa dabam ne, kuma sanyin zai kama kowa. A matsar da shi baya. Ka'idar sauti ita ce, a fili, in ka ninka nisa sau biyu ƙarfin sautin da ke isowa yakan koma kashi ɗaya cikin huɗu. Taki biyu ko uku sun isa su yi aikin da roƙo ba zai yi ba. Algaita, in akwai, ita ce za a kai can ƙarshen ɗaki. Kayan da ba su da ƙarfi, irin su kuntigi da gurmi, wanda Haruna Uji na Haɗeja ya yi suna da shi, da kukuma, su ake matso wa makirufo kusa. A shimfiɗa tabarmi da darduma, a rataya barguna a bango in ɗakin siminti ne. A ganina ma, zauren ƙasa mai rufin azara irin na ƙauyukanmu ya fi babban ɗakin taro mai rufin kwano daɗin ɗauka nesa ba kusa ba, muddin janareta yana can nesa kuma an kori awaki.

Kayan kiɗan kansu suna da nasu hali. Fata tana ɗaurewa da hunturu, tana saki da damina. Gangar da aka ɗaure a Gwaram da safe, aka ɗora a bayan mota cikin rana, aka shigar da ita ɗaki mai na'urar sanyi, ba za ta yi amon da ta yi a gida ba. A iso da wuri, a ajiye kayan cikin ɗakin kamar awa guda su saba da iskarsa, sa'an nan a ɗaure. Mai kotso ko taushi ya duba naken da ke tsakiyar fatar, mai goge ya zo da ƙaronsa da izgar canji. Na'urar sanyin ma a kashe ta in an fara, don makirufo yana jin hucinta ko da kunne bai ji ba.

Sai tambayar da ɗalibai suka fi yi mini: bita nawa ya kamata a yi? Misalai daga waje suna da amfani a nan. Faifan Kind of Blue na Miles Davis, wanda ake lissafawa cikin manyan faya-fayan kiɗan jaz, an ɗauke shi a New York a zama biyu, ranar 2 ga Maris da 22 ga Afrilu, 1959. Davis bai ba makaɗansa komai ba sai ɗan tsari kaɗan, kuma mafi yawan abin da aka fitar shi ne karo na farko da suka kaɗa abin daga farko har ƙarshe. Ali Farka Toure da Toumani Diabate na Mali sun ɗauki In the Heart of the Moon a wani otal a Bamako a 2004 ba tare da bita ba. Fela Anikulapo Kuti kuwa akasin haka yake yi: yakan daɗe yana kaɗa sabuwar waƙa a gaban jama'a a gidan rawarsa na Legas kafin ya kai ta faifai. Da ganin farko sai a ce sun saɓa wa juna. Amma mutanen Davis sun daɗe suna kiɗa tare, Ali Farka da Toumani kuma daga tsofaffin waƙoƙin ƙasarsu suka ɗiba, waɗanda kowannensu ya sani tun yana yaro. Bitarsu ta shekaru ce. Saboda haka ƙungiyarmu ta Surko ta yi bitar gindi har ya zauna daram, ta yi bitar shiga da fita da alamu. Ɗiya kuwa jagora ya san waɗanda zai taɓo da inda zai dosa, amma kada ya haddace su. In an yi ɗauka ta ɗaya da ta biyu da ta uku ba a samu ba, a tashi a ci abinci. Ta bakwai ba ta cika fin ta biyu ba, sai dai ta fi ta santsi da rashin rai.

Akwai abu ɗaya cikin ɗiya wanda ni zan ce a tantance shi sarai kafin a shiga, shi ne sunaye. A dandali in ka kira mutum da sarautar da ba tasa ba, nan take wani zai gyara maka, gobe an manta. A faifai kuskuren yana nan har jikokinsa su ji. Zambo ma haka ne, har ya fi. Maganar da aka yi wa mutum a gidan biki tana bin iska, wadda aka ɗauka kuwa za a riƙa sa ta a tasha da kasuwa bayan rigimar ta mutu, bayan masu rigimar sun shirya, har bayan an binne su. Ba na cewa a daina zambo, domin waƙar fada ba ta cika sai da shi. Ina cewa jagora ya san bambancin wuraren biyu, ya yanke shawara da idonsa a buɗe.

Ga ma'aikatan da ke cikinku, waɗanda wata rana za a ba aikin shirya irin wannan ɗauka a gidan rediyo ko ma'aikatar al'adu, saura magana ta takarda. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya, ta 1988 da wadda ta maye gurbinta ta 2022, tana kare aikin da aka adana a wani abu tabbatacce, kamar rubutu ko ɗauka. Ke nan ranar ɗauka rana ce mai nauyi ga mawaƙin da bai taɓa rubuta waƙarsa ba. A zauna kafin a kunna na'ura, a faɗa da Hausa, a rubuta da Hausa: nawa za a biya, wa ke da ikon sayarwa, wa ke da ikon watsawa, kuma yaya za a raba tsakanin jagora da yaransa. Sa'an nan a rubuta a jikin abin da aka ɗauka ranar da wurin da sunan waƙa da wanda aka yi wa ita da kayan kiɗan da aka yi amfani da su. A rubuta sunan kowane ɗan amshi da kowane mai ganga, da garinsu, domin a tsofaffin kaset ɗinmu sunan jagora kaɗai ake gani, alhali muryoyi biyar ko shida ake ji. A ajiye ɗauka duka, har da waɗanda aka ce ba su yi ba, har da hirar da ake yi tsakanin waƙa da waƙa. A yi kwafi biyu a ajiye a wurare biyu dabam, a kuma miƙa wa jagora nasa a hannunsa kafin ya hau mota.